Nono Ba Ya Tsami Banza

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, 'yar kasuwa kuma ɗalibar ajin yaƙi da jahilci, ta karanta ranar bikin zagayowar shekarar ƙungiya a Kurya Madaro



Uwar ƙungiya, shugabarmu, ma'aji da magatakarda, malamanmu na aji, iyayenmu da anka gayyato, baƙinmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da sunka yi ƙarfin halin biyo hanya a irin wanga lokaci, 'yan uwana mata, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Sannunku da zuwa. Allah ya maimaita muna na baɗi cikin zaman lafiya.

Maganar da anka ce in yi yau a kan nono ce da cikin ɗan Adam. Na san wata za ta ce, yo mu da munka tashi cikin fura da nono, mi za a koya muna? Ku ɗan ba ni aron kunne. Akwai wani kaya da ya shigo kasuwa, ana tallarsa a rediyo da waya, wasu kuma gida-gida suke bi da shi cikin jaka. Sunansa furobayotik. Ana cewa yana maganin zawo, da gyambon ciki, da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon sanyi, har da rashin haihuwa. Kuɗin roba guda ya fi ribar da wata a cikinmu ke samu a sati biyu. Da na ga 'yan uwa sun fara cire kuɗin adashe suna saye, sai na zauna da ma'aikaciyar asibiti da malamarmu ta aji, munka bi maganar tun daga tushe. Abin da na samo shi zan zube gabanku, kamar yadda nike baza kaya a rumfa, kowa ta duba da idonta.

Mu fara da cikinmu. Mun saba jin ana cewa ƙwayoyin cuta, har mun ɗauka duk ƙwayar da ido ba ya gani mugunta ce. Ashe cikin hanjin kowane mutum mai lafiya akwai ƙwayoyi masu rai da yawansu ya wuce ƙirga, kuma akasarinsu aiki suke yi muna. Suna taya mu narkar da abinci, suna haɗa wasu sinadarai da jiki ke buƙata, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri. Ku ɗauke shi kamar ranar kasuwa. In kowace rumfa da mai ita zaune, ɓarawo ba ya samun inda zai raɓe. Ranar da masu rumfa sunka watse, ranar ɓarawo ke cin kasuwarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, irin waɗanga ƙwayoyi na kirki, danginsu ne ke sa madara ta koma nono. Kin zuba ragowar nonon jiya cikin madarar yau, kin rufe da faifai, kin kwana, da safe kin iske ta yi kauri ta yi tsami. Ƙwayoyin nan ne sunka cinye zaƙin madarar sunka mai da shi tsami, kuma tsamin nan yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Haka ƙullun koko ke tsami, haka kunun zaƙi. Kakanninmu ba su san sunan ƙwayoyin ba, amma sun san aikinsu. Shi ya sa na ce nono ba ya tsami banza.

Su masu bincike daga baya sunka gano abin. Wani masani ɗan Rasha mai suna Mecinikof, da ke aiki a birnin Paris na Faransa, shi ya fara yaɗa maganar wajen 1907. Ya lura manoman ƙasar Bulgeriya suna yawan shan nono mai tsami kuma suna tsufa ƙwarai, sai ya ce ƙwayoyin cikin nonon na da hannu. A Japan kuma wani likita, Shirota, ya ware irin ƙwaya guda ya raine ta, a 1935 anka fara sayar da abin sha mai suna Yakult da ita. Abin da ya burge ni, daga 1963 mata ne ke kai shi gida-gida, awa yadda matan Fulani ke kawo muna nono bisa kai. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sunka tara masana sunka faɗi abin da za a kira furobayotik: ƙwayoyi masu rai, waɗanda in an sha su daidai gwargwado suna ƙara wa mutum lafiya. Ku riƙe sharuɗɗan nan uku: su kasance da rai, su kai yawan da ake so, kuma a gwada a ga amfaninsu. Wanda ya rasa ɗaya cikin ukun, suna kawai ya ara.

Yanzu mu zo ga abin da suke iyawa, tun da ɗan kasuwar kirki ba ya ɓoye kyan kayansa.

Na ɗaya, mutane da yawa in sun sha ɗanyar madara cikinsu kan kumbura ya yi ta ƙugi, amma in sun sha nono ko kindirmo lafiya lau. Dalili, ƙwayoyin nan sun rage zaƙin madarar da cikin ke kasa narkarwa, suna kuma taya shi narkar da sauran.

Na biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik, ba ya bambanta ɓarawo da mai rumfa. In ya shiga hanji duka yake sharewa. Shi ya sa wani in ya sha kafso kwana biyar sai zawo ya biyo baya. An gwada an gani cewa wasu irin furobayotik na rage aukuwar wanga zawo. In likita ya rubuta miki shi tare da maganin, ki karɓa, ki bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsu.

Na uku, a jihar Odisha ta ƙasar Indiya an yi gwaji da jarirai sama da 4,000 a ƙauyuka, anka bayyana sakamakon a 2017. An ba rabinsu wata irin ƙwaya da anka zaɓa musamman, sai anka ga cutar da ke shiga jinin jarirai ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a cikinsu. Babban abu ne. Amma ku lura, ƙwaya ce guda da masana sunka zaɓa, ma'aikatan lafiya ke bayarwa da awo. Ba kowace roba da ke cikin jakar mai talla ba ce.

Sai kuma abin da ba su iyawa, kuma nan ne nike roƙon ku buɗe kunne da kyau, don nan rai yake.

Zawon yara shi ne babban abin da ake tallar furobayotik a kansa. A 2018 an yi manyan gwaje-gwaje guda biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kowanne da yara kusan 900 ko fiye, waɗanda anka kai asibiti da amai da zawo. Rabi an ba su furobayotik, rabi an ba su abin da ya yi kama da shi amma babu komai ciki. Da anka duba, waɗanda sunka sha da waɗanda ba su sha ba lokaci ɗaya sunka warke. Kusa da mu ma an gwada. A arewacin Ghana, inda suke dama kokon gero kamar namu, an ba yara masu zawo ruwan tsamin ƙullu, sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna bai tsai da zawon ba.

To mi ke kashe yaro mai zawo? Ƙarewar ruwan jiki. Ruwa da gishirin jikinsa ke zubewa, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, fata in kin ja ta sai ta tsaya. Yaro ƙarami cikin kwana ɗaya yana iya tafiya. Abin da ke ceton shi araha gare shi: ruwan gishiri da sukari na leda, wanda asibiti ke kira ORS, tare da ƙwayar zinc. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sunka ce a haɗa su biyun. Ki karanta abin da anka rubuta jikin ledar. In ta lita ɗaya ce, ki zuba cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, wato daidai leda biyu ta fiya wata. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kwata zuwa rabin kofi duk bayan ya yi zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Zinc kuma ƙwaya guda mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya. In dare ya yi, ko hanya ba ta biyuwa kamar yadda munka sani, kuma babu ledar a gida, ki sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Kada a yaye shi, kada a hana shi abinci.

Akwai alamun da ba a jira da su: yaro ya kasa sha ko kama mama, yana amayar da komai, ya yi laushi ba ya ko kuka, yana jijjiga, akwai jini cikin kashin, ko kashin ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Wannan na ƙarshe kwalara ake tsoro, kuma ba mu manta 2021 ba, shekarar da mutum sama da 100,000 sunka kamu a Najeriya, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. In kin ga ɗaya daga cikinsu, asibiti, kina tafe kina ba shi ruwan nan. Kada ki tsaya cewa haƙori ne. Kada ki aika kemis a sawo kafso mai ja da ɗorawa a fasa cikin koko. Wannan kafson ba na ƙananan yara ba ne, yana ɓata haƙori, kuma yawancin zawon yara ba ya jin shi. Abin da zai yi kawai ya kori masu rumfar da sunka rage.

Dalilin da ya sa nike nanata wagga magana, ɗiyanmu ba su da ƙarfin jira. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta iske fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Tamowa da zawo kishiyoyi ne da ba su faɗa da juna. Zawo ya rame da yaro, rama ta buɗe wa zawo ƙofa. Yaron da ya kai haka, wurinsa cibiyar tamowa, a auna hannunsa a ba shi abincin da anka haɗa don shi. Haka bakwaini, da wanda ciwo ya ci ƙarfin jikinsa, kada a ba su furobayotik sai da izinin likita, don a jiki marar ƙarfi ƙwayar kirki ma tana iya shiga jini ta yi ɓarna.

Shi jariri ma Allah ya riga ya yi masa tanadi. Nonon uwa na ɗauke da wani sinadari da ke ciyar da ƙwayoyin kirki a hanjinsa. Dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Wata 6 cur nonon uwa zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba nonon shanu. Sannan tun watan Agusta na 2022 an shigo da rigakafin rota cikin na yara, ɗigo ne a baki, a sati 6 da 10 da 14, yana kare su daga wata ƙwaya da ke kan gaba wajen jawo mugun zawo. Kyauta ne. Mu kai su.

Su kuma ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa, duk wanda ya ce ki aje maganin asibiti ki koma ga robarsa, aljihunki yake so. Mu 'yan kasuwa mun sani, kayan da anka ce yana yin komai, a bincike shi.

Yanzu in juyo kanmu, mu masu sana'a. A cikin ɗakin nan akwai masu fura, akwai masu kunun zaƙi, akwai masu yogot na madarar gari. Kowa ta san nono ya yi wuya. Tun da rashin zaman lafiya ya shigo tsakani, rugage da yawa sun tashi, matan da munka saba da su shekara da shekaru, waɗanda munka san sunan ɗiyansu sunka san na namu, da yawa ba mu ganinsu. A 2021 har kasuwannin mako anka rufe, anka yanke layin waya. In kaya ya yi ƙaranci, algus ke yawa. Ana ƙara wa nono ruwa, a sa farin garin 'ya'yan kuka ko gari don ya yi kauri. Garin kuka ba shi ne abin tsoro ba, ruwan ne. In daga gulbi ko buɗaɗɗiyar rijiya anka ɗebo shi, to an zuba ɓarayi cikin kasuwa, tsamin nono ba zai iya da su duka ba.

Ɗanyar madara ma da kanta tana ɗauko cuta daga saniya: akwai tarin fuka na shanu, akwai ciwon da ke sa saniya ɓari, wanda in ya kama mutum sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Tafasawa ke kashe su. Wata za ta ce, to in na tafasa ai na kashe na kirkin ma. Gaskiya ne, shi ya sa tsarin yake haka: tafasa tukuna, sa iri daga baya. Ki tafasa madarar, ki sauke ki rufe. Ki bari ta huce har in kin ɗiga a bayan hannunki ki ji ɗumi ba zafi. Sannan ki sa iri daga nono mai kyau na jiya, kamar cokali 2 ko 3 a lita. Ki rufe ki aje wuri mai ɗumi awa 6 zuwa 8. In madarar gari ce, ruwan da za ki dama da shi ki tafasa. Ƙwarya da ludayi da maburgi a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife a rana. Irin da ya fara wari ko yauƙi a zubar a nemo sabo. Abin da kinka haɗa yau ki sayar yau, tun da ba mu da wutar firji. Ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura ma a tambayi ruwan da anka yi ta da shi.

Ku kuma sani, duk abin da anka dafa bayan ya yi tsami, ƙwayoyinsa sun mutu. Koko da kinka zuba wa tafasasshen ruwa, da daddawar da ta dahu cikin miya, abinci ne masu kyau, tsimuwar ta sa sun fi sauƙin narkewa, amma ba masu rai a ciki. Haka wani yogot na kwali da ke wata da watanni bisa kanta ba ya lalacewa, an dafa shi bayan an haɗa. Mai rai shi ne nono da kindirmo da yogot sabo. Yaron da ya wuce wata 6 ana iya sa masa kindirmon da anka yi da tafasasshiyar madara cikin kununsa bayan kunun ya huce, da ɗan garin gyaɗa ko waken suya. Ga gina jiki, ga ƙwayoyin kirki, da kuɗin da bai kai na robar mai talla ba.

Kada mu raina abin da mata ke iyawa in sun haɗa kai. A garin Mwanza na ƙasar Tanzaniya akwai ƙungiyar mata mai suna Tukwamuane. Wata jami'a ta Kanada ta koya masu haɗa yogot da irin ƙwayar da anka gwada, sunka buɗe ɗakin girki suna sayarwa, suna ciyar da unguwa suna samun na kansu. Mata ne kamarmu, da tukunya da murhu.

Don haka ina da roƙo guda huɗu ga wanga zama.

Na farko, duk membar da ke sayar da fura ko nono ko yogot ta ɗauki alkawarin tafasa madara da ruwa, da rufe kaya daga ƙuda. Mu naɗa mata biyu cikinmu su riƙa zagayawa, ba don tozarta kowa ba. In gari ya san furar 'yan ƙungiya ba ta ɓata ciki, ciniki da ƙafarsa zai zo.

Na biyu, matan Fulanin da har yanzu ke kawo muna madara, mu riƙe su da amana. Mu saye ta sabuwa da farashin da ba zai tilasta masu ƙara ruwa ba, mu tafasa da kanmu.

Na uku, a cire wani abu daga asusu a sawo katan na ORS da zinc a aje wurin ma'aji, kowace memba ta samu leda biyu da katin zinc a ɗakinta kafin damina ta sauka. Zawo ba ya sallama, kuma da dare ya fi zuwa.

Na huɗu, malamanmu su ware muna darasi guda na karanta jikin magani: ranar da zai lalace, lambar NAFDAC, da awon da anka ce a sha. Matar da ta iya karanta waɗanga uku, mai jaka ba ya yi mata wayo.

'Yan uwa, mu sha nononmu, mu tsabtace shi, mu ba ɗiyanmu. Abinci ne mai taimakon ciki, kuma gadonmu ne. Amma ranar da zawo ya kama yaro, ruwan gishiri da sukari da zinc za ki fara ɗaukowa, in alamu sun yi tsanani ki nufi asibiti. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya raya muna zuri'a, ya sa albarka a neman kowa, ya dawo muna da zaman lafiya a Kurya da Zamfara baki ɗaya, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya.